Baftisma Ba Tsagar Ƙabila Ba Ce

Duk wanda ya taɓa zagaya unguwannin Ikko ran Lahadi da safe, ya bi ta Agege, ko Obalande, ko kusa da barikokin soja da na 'yan sanda, lalle ya ji waƙoƙin ibada suna tashi da harshen Hausa. Haka abin yake a Badun da Fatakwal da Inugu. Masu waƙar kuwa 'yan Arewa ne Kirista waɗanda neman abinci ya kawo Kudu. Akwai Birom da Angas daga Filato, da Bura da Margi daga Borno, da Bacama daga Numan, da Tangale daga Kaltungo, da Bajju da Atyap daga kudancin Kaduna, da mutanen Zuru, da Hausawan Wusasa. Wasu sojoji ne, wasu masu gadi, wasu direbobi, wasu ma'aikatan ofis, wasu kuma masu sauke tumatir da dankali a kasuwar Mile 12. Harshe ɗaya suke addu'a da shi, Littafi Mai Tsarki ɗaya ne a hannunsu, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932.

To, mai kallo daga nesa sai ya ce ai waɗannan tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya. Amma wanda ya shiga ciki ya san akwai tsaga a bangon, kuma abin mamaki, tsagar ta fi fitowa a daidai wurin da ya kamata a ce nan ne haɗin ya fi ƙarfi, watau baftisma.

A ɗauki misali. Saurayi ya sauka a tasha daga Adamawa, ba shi da kowa a Ikko, sai 'yar jakarsa da katin baftismarsa. Ran Lahadi ya ji waƙar Hausa, ya shiga majami'a yana murna ya sami 'yan'uwa. Bayan an tashi, dattawan ikilisiya suka karɓi katin suka duba, suka ga tun yana jariri aka yi masa baftisma, da yayyafa ruwa. Nan take fuska ta sauya. Ranar Jibin Ubangiji aka ce ya dakata. In ya kwanta ciwo, ba lalle a ga mai zuwa duba shi ba, don sunansa ba ya cikin rajista. A wata majami'ar kuma akasin haka ne, wanda aka nutsar a kogi yana babba shi ake yi wa kallon bare. Irin wannan ba baƙon labari ba ne ga mazauna Kudu. Shi ya sa ya dace a tambaya, shin mene ne ma baftismar, kuma wa ta mai da mutum?

MA'ANAR BAFTISMA

Saboda masu karatu da ba Kirista ba, ga bayani a taƙaice. Kalmar ta fito ne daga Helenanci, ma'anarta tsomawa ko wankewa cikin ruwa. Yahaya Mai Baftisma ya yi wa mutane ita a Kogin Urdun alamar tuba, Yesu Almasihu da kansa ya karɓe ta a hannunsa, kuma a ƙarshen Bisharar Matiyu ya umarci almajiransa su yi wa dukan al'ummai ita cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ita ce ƙofar shiga ikilisiya.

Manzo Bulus ya ba ta ma'ana biyu waɗanda ba a raba su. A sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya kwatanta ta da jana'iza: an binne tsohon hali tare da Almasihu, mutum ya taso da sabon rai. A sura ta 12 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa kuma ya nuna cewa wanda aka yi wa baftisma ya zama gaɓa a cikin jiki guda. A sura ta 3 ta Galatiyawa ya lissafa manyan katangun zamaninsa, tsakanin Bayahude da Baheleni, tsakanin bawa da ɗa, tsakanin namiji da mace, ya ce babu ɗayansu da ke raba waɗanda suka yafa Almasihu. Ashe ke nan mutum ba ya fitowa daga ruwan shi kaɗai, da dangi yake fitowa, dangin da bai zaɓa ba, kuma ba shi da ikon korarsu.

KORANTI DA IKKO

Wannan cuta ta rarrabuwa ba yau ta fara ba. Koranti birni ne na ƙasar Girka mai tashoshin jiragen ruwa biyu, cike da fatake da 'yan ƙwadago da baƙi daga ko'ina, kusan kamar Ikko da Apapa. Ikilisiyar can ƙarama ce, amma ta rabu ƙungiya-ƙungiya. Waɗannan suna taƙama da Bulus, waɗancan da Afolos, wasu da Kefas, watau Bitrus. Da labari ya kai wa Bulus bai yi murna da samun magoya baya ba. Ya tambaye su ko an rarraba Almasihu ne, ko kuwa da sunan Bulus aka yi musu baftisma. Har ya gode wa Allah da bai yi wa mutane da yawa a cikinsu baftisma da hannunsa ba, ya ambaci Kirisbus da Gayus da iyalin Istifanas, don kada kowa ya mai da ita abin tutiya.

A wasiƙar nan ce kuma ya tsawata musu saboda masu hali suna ci su ƙoshi a wurin Jibin Ubangiji, matalauta kuwa suna kallo da yunwa. Sa'an nan ya kawo sura ta 13, wadda ake yawan karantawa a wurin ɗaurin aure. Mutane da yawa ba su lura ba cewa ba don ango da amarya aka rubuta ta ba. An rubuta ta ne don masu bi da ke zaune a majami'a ɗaya suna harare-harare. Ƙaunar da ake nufi a can ita ce ta haƙuri da wanda ba a so, da rashin riƙe laifi, da barin girman kai.

INA ƊARIƘUN SUKA FITO?

Yana da kyau ɗan Arewa ya tuna yadda aka yi ya zama ɗan ɗariƙar da yake ciki. Mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ECWA a 1954, ta fara ne da mutum uku da suka sauka a Ikko a 1893. Mishan ɗin SUM ta kafa zango a Wase a 1904. Dokta Walter Miller na CMS ya zauna a Zariya tun 1905. 'Yan Lutheran daga ƙasar Denmark suka isa Numan a 1913. Mishan ɗin da ta haifi EYN ta yi sujadarta ta farko a gindin tsamiya a Garkida a watan Maris na 1923. Waɗannan mishan-mishan sun raba ƙasa a tsakaninsu don kada su taka juna. Sakamakon haka, wanda aka haifa a Numan sai ya tashi ɗan Lutheran, na Garkida ɗan EYN, na Kaltungo ko Kagoro ɗan ECWA, na Gindiri ɗan COCIN. Kaɗan ne ƙwarai suka zauna suka auna koyarwa kafin su zaɓa. Galibi garin haihuwa ne ya zaɓa musu. Ta haka ɗariƙa ta koma kamar tsagar gado a fuska, da an ga kati an san ƙabila.

Ita kanta gardamar ruwan daga Turai aka kawo ta, kuma can ta ci rayuka. A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, a watan Janairu na 1527, hukuma ta nutsar da wani mai suna Felix Manz a kogi har ya mutu, saboda yana sāke yi wa manya baftisma. Kirista ne suka kashe Kirista da ruwa a kan maganar ruwa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai so ya ɗauko wannan kaya ya sauke a Agege ba.

BA A CE KOWA YA BAR KOYARWARSA BA

Wani zai ce, to, ai bambancin na gaske ne. Haka ne. Masu yi wa manya kaɗai suna cewa tuba da bangaskiya su ne kan gaba, jariri kuwa ba ya iya furta kome. Masu yi wa jarirai suna cewa alherin Allah ne yake riga mutum, suna kuma kafa hujja da gidajen da aka yi wa baftisma gaba ɗaya a Ayyukan Manzanni. 'Yan EYN sau uku suke nutsarwa, waɗansu sau ɗaya, waɗansu zubawa suke yi a ka. Kowanne yana da ayoyinsa da malamansa, kuma kowace ikilisiya tana da ikon tsara ƙa'idar zama cikakken mamba. Ba gardamar da za a kashe a shafin jarida ba ce.

Amma akwai abin lura. Wani tsohon littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda aka rubuta kusa da zamanin manzanni, ya fi son ruwa mai gudu, amma ya yarda in babu isasshen ruwa a zuba a ka sau uku. A 1964 babban taron Katolika a Batikan ya amince cewa waɗanda aka yi wa baftisma a sauran ikilisiyoyi 'yan'uwa ne cikin Ubangiji. A 1982 kuma malaman ɗariƙu daban-daban suka taru a Lima ta ƙasar Peru, a ƙarƙashin Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, suka roƙi ikilisiyoyi su girmama baftismar juna, su guji abin da zai yi kama da maimaita ta. Ba duka ne suka karɓa ba, amma an nuna hanya.

A gida ma iyaye sun riga sun nuna ta. A 1955 aka kafa tarayyar da yau ake kira TEKAN, wadda ta haɗa masu yi wa jarirai baftisma da masu yi wa manya kaɗai a inuwa guda, har suka buɗe makarantar horon fastoci tare a 1959, wadda take Bukuru. HEKAN kuwa a Kaduna ta samo asali, daga ma'aikata baƙi 'yan ikilisiyoyi dabam-dabam da suka ga gara su haɗu su yi sujada tare da kowa ya kafa tasa rumfa. Su ma baƙi ne a birni, kamar mazauna Kudu na yau. Abin da ya yiwu a Kaduna me zai hana shi yiwuwa a Ikko?

Saboda haka ƙa'idar mamba daban, 'yan'uwantaka daban. Dattawa suna iya ce wa saurayin nan, ga yadda tsarin wannan majami'a yake, a zauna a tattauna a hankali. Abin da ba su da iko a kai shi ne su bar shi ya kwana a tasha, ko ya yi jinya shi kaɗai, don siffar katinsa. A sura ta 13 ta Bisharar Yahaya, alamar da Almasihu ya ce za a gane almajiransa da ita ƙaunar juna ce. Bai ambaci zurfin ruwa ba.

WAHALA BA TA DUBA KATI

Shekarun baya sun koya wa kowa darasi mai ɗaci. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN. A watan Oktoba na shekarar 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, kusa da Mubi. Masu ƙone majami'u ba su tambayi wa aka nutsar wa aka yayyafa ba, kamar yadda ba su bar masallatai ba. Mutane da dama da suka tsira sun gangaro Kudu, ba gona, ba gida. Wanda ya baro irin wannan bala'i ya iso ƙofar majami'a, sai a tarbe shi da binciken kati?

A nan Kirista suna da abin koyi daga maƙwabtansu na zango. A Sabo ta Badun da sauran zangunan Hausawa, tsohuwar al'ada ce baƙo ya sauka a hannun mai gida, a ba shi masauki da abinci kafin a san abin da ya kawo shi. Bugu da ƙari, a idon mutanen Kudu duk wanda ya haye kogin Kwara ya gangaro Bahaushe ne, ko sunansa Musa ko Bulus. Mota ɗaya ta kawo su, kasuwa ɗaya suke ci. Ƙaunar da ba ta iya tsallake katangar ɗariƙa ba yaya za ta kai ga maƙwabci Musulmi, alhali misalin Basamariye mai kirki ya nuna har can aka umarce ta ta kai?

ABIN YI

Na farko, kowace majami'ar Hausa a Kudu ta sa mutum biyu ko uku masu karɓar baƙi, aikinsu masauki da neman abin yi, ba tare da tambayar ɗariƙa ba. Na biyu, majami'un unguwa ɗaya su haɗa asusu guda na jinya da na kai gawa gida, gama kowa ya san nauyin ɗaukar mamaci daga Ikko zuwa Biu ko Zuru ya fi ƙarfin gida ɗaya, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Na uku, Zumuntar Mata, waɗanda dama sun fi maza sanin cewa zumunta a ƙafa take, su riƙa kai ziyarar asibiti tare. Na huɗu, ranar baftisma a gayyaci fastocin sauran majami'u su zo su shaida. Na biyar, a ajin baftisma kada a tsaya kan haddace amsoshi kawai, a koya wa masu shiri cewa dangin da za su shiga ya fi ɗariƙarsu faɗi.

Sai kuma maganar zaɓen dattawa, inda ƙabilanci ya fi ɓuya. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, da masu jin Helenanci suka koka cewa ana mance da gwaurayensu mata wajen rabon abinci, ikilisiyar Urushalima ta zaɓi mutum bakwai su kula da aikin, dukansu kuwa sunayen Helenawa gare su. Ga alama masu rinjaye ne suka danƙa amana a hannun waɗanda aka ware. Majami'ar da ƙabila ɗaya ta riƙe fasto da sakatare da ma'aji shekara da shekaru ta dubi wannan sura da kyau.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lahadi mai zuwa wani baƙo zai sāke tsayawa a ƙofar wata majami'a da 'yar jakarsa da katinsa. A fara ba shi wurin zama da ruwan sha, a tambaye shi inda zai kwana. Maganar kati ta biyo baya. Allah ya sa a gane, ya kuma ba ƙasa zaman lafiya, amin.