Ƙaramar Kwamfuta da Kiɗan Bahaushe: Ina Ruwan Ɗalibin Hausa?

Akwai wani ɗan allon lantarki, bai kai tafin hannu ba, ana ce da shi Arduino. A garin Ivrea na ƙasar Italiya aka fara yin sa cikin 2005, domin ɗalibai da masu sha'awar haɗa ƙananan na'urori su sami abin sarrafa su mai araha. Aikinsa na asali shi ne juya ƙafafun 'yar mota, ko kunna fitila, ko auna zafi. To, amma masu wasa da shi sun daɗe suna sa shi kiɗa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan wasa ya shafe mu, mu ɗaliban Hausa, fiye da yadda muke zato.

Da farko dai ya kamata mu san iyakar ƙarfin abin. Samfurin da ya fi yaɗuwa, watau Arduino Uno, wurin ajiyar da yake aiki da shi bayit 2,048 ne kacal. Waƙar da aka ɗauka a faifan CD kuwa, daƙiƙa ɗaya tata tana cin bayit 176,400. Ke nan ko ƙyaftawar ido na muryar mawaƙi ba za ta shiga wannan wuri ba. Saboda haka, maimakon a ɗauki kiɗa a zuba masa, sai a koya masa ya ƙaga sautin da kansa. Yadda ake yi shi ne, a haɗa 'yar lasifika da ɗaya daga cikin ƙafafunsa, a umarce shi ya riƙa sakin wuta yana tsayarwa. In ya yi haka sau 440 a daƙiƙa, sai a ji sautin da makaɗan Turai ke daidaita kayan kiɗansu da shi. In an ƙara yawan, sauti ya hau. In an rage, ya sauka. Umarnin da aka tanada don wannan aiki sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda.

A nan ne zancen ya zo gidanmu. Kowane ɗalibi a wannan sashe ya san Hausa harshe ne mai karin sauti, ya kuma san da hawa da saukar murya ake bambanta kukan yaro da kukar miya. Kalangu ma da wannan yake magana. Makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau. Ya sassauta, ya sauko. Tsakanin nan kuma akwai wata lanƙwasa wadda kunnen Bahaushe ke tsintar kalma a cikinta. Fiyanon da ya mamaye waƙoƙin finafinanmu tun daga shekarun 1990, maɓallansa an jera su ne bisa matakai 12 na kiɗan Turai, ya kuma zo da gangunansa da bushe-bushensa a shirye. Mai kiɗa zaɓa kawai yake yi daga abin da wani ya ajiye masa. Shi kuwa ɗan allon nan ba ya zuwa da komai. Lambar da ka ba shi ita zai rera, ko tana kan matakin Bature ko tana tsakanin matakai biyu.

Wannan talauci nasa shi ne amfaninsa ga mai nazari, domin yana tilasta maka ka faɗi abin da ka sani da lissafi. Alal misali, a ce ɗalibi yana son ya sa shi ya kaɗa wani take na kalangu. Zai fara da sauti biyu, na sama da na ƙasa, kamar yadda aka koya mana a aji. Da zarar ya saurara zai ji abin a sandare, don kuwa a maganar Bahaushe sautin sama da ya biyo bayan na ƙasa ba ya komawa inda na farko ya tsaya. Jimla tana gangarowa ne sannu a hankali. Dole ya koma wurin makaɗi, ya saurara, ya auna, ya gyara lambobinsa. Abin da muke haddacewa don jarrabawa sai ga shi ya zama abin da kunne zai gaskata ko ya ƙaryata.

Na san malamai da 'yan'uwana ɗalibai za su ce sautin siriri ne, kamar kukan gyare, ba ya kama ƙafar kalangun da ke bayan Alhaji Mamman Shata, balle kuntigin Ɗanmaraya Jos. Gaskiya ne, ba musu. Ba shi da amon fata, ba ya ganin taro ya canza salo, ba ya san wanda za a wasa ba. Duk wanda ya ce zai maye gurbin makaɗi ya yi kure. Sai dai ni ba makaɗi nake nema a jikinsa ba, ma'auni nake nema. Shata ya rasu cikin 1999, Ɗanmaraya ya bi shi cikin 2015. Faifansu suna nan, mun rubuta baitocinsu, mun yi sharhin jigo da salo har mun ƙoshi, amma kiɗan kansa, wanda shi ne rabin waƙar baka, galibi da jimla ɗaya muke sallamarsa: "da kalangu ake yi masa kiɗa."

Don haka shawarata ga wannan sashe ita ce, a nemi ɗaliban injiniyan lantarki a haɗa hannu da su, a kuma gayyato makaɗi na gaske ya zama alƙali, a biya shi haƙƙinsa kamar kowane malami. Su su san waya da umarni, mu mu san kari da take, shi kuma ya ce an yi daidai ko an kauce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In muka bar aikin ga waɗanda ba su ji Hausa ba, to, kada mu yi ƙorafi ranar da na'ura ta kaɗa mana takenmu da karin wani harshe. Allah ya sa mu dace.