Ruwa Ba Ya Tsami Banza



A makon jiya na sami takarda daga wata 'yar'uwa matar aure. Ta ce maigidanta ya sayo wa yara akwatin gilashi irin wanda ake zuba kifin ado, tare da kifaye 6 masu ruwan zinariya. Kwana 10 ba su cika ba, uku suka mutu. Sai ta zubar da ruwan duka, ta wanke akwatin da sabulu har yana ƙyalli, ta cika shi da sabon ruwan famfo. Kashegari da safe sai ga biyu kuma sun juya ciki sama. Yanzu saura ɗaya. 'Yarta ta ƙi cin abinci don kuka, maigida yana cewa sakaci ne, wata tsohuwa a gidan kuwa ta ce bakin maƙwabciya ne, don tun ran da ta shigo ta yaba kifin aka fara asara.

To, 'yar'uwa, da fari dai ki cire maƙwabciyarki daga cikin maganar nan. Ba sakaci kuma kika yi ba. Abin da ya ƙarasa kifayen nan biyu, tsabta ce da ta yi yawa. Ni ma haka na yi shekarar da na fito daga kwalejin horon malamai. Na ajiye ƙananan kifaye a ɗakina, kowace Asabar in wanke musu wuri kamar yadda nake wanke kwanonin abinci, su kuwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai da na koma ga littattafan kimiyya kana na gane laifina.

Ga yadda abin yake. Kifi a cikin ruwan da yake numfashi yake kashi, a nan kuma ragowar abincinsa ke ruɓewa. Daga wannan ne wani dafi ke fitowa, sunansa amoniya. Kun san shi, shi ne warin nan mai hawa hanci na tsumman jariri in ya kwana da fitsari. A kogi ruwa yana da yawa, yana kuma tafiya, don haka dafin ba ya taruwa. A cikin akwati kuwa ba shi da wurin zuwa. Yakan ƙone jan naman nan da ke gefen kan kifi, wanda muke cirewa in muna gyaran kifin miya, da shi kuwa kifi ke numfashi. Amoniya ba ta da launi. Ruwa yana iya zama garau kamar hawaye, alhali kuwa guba ne.

Amma Allah ya yi wa abin magani. Akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, watau bakteriya, waɗanda amoniya ce abincinsu. Wani masani mai suna Winogradsky shi ya fara ware su ya bincika aikinsu a 1890. Kashi ɗaya suna mai da amoniya wani abu da ake kira naitirait. Shi ma dafi ne, yakan hana jinin kifi ɗaukar iska. Sa'an nan wani kashin ya mai da naitirait naitiret, wanda ba shi da cutarwa sai in ya taru da yawa. Halittun nan a jikin tsakuwa suke zaune, da jikin gilashi, da cikin soson injin tace ruwa. A sabon akwati babu su tukuna, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Shi ya sa kifaye ukun farko suka mutu: an zuba shida gaba ɗaya tun masu sharar ba su iso ba. Da kika sa sabulu kuwa, kin kashe 'yan kaɗan ɗin da suka fara taruwa.

Sai kuma ruwan famfo. Ana zuba masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, mu sha lafiya. Amma kulorin bai san na kirki da mugu ba, yana kashe bakteriyan nan, yana kuma ƙone wa kifi wurin numfashi. In an ajiye ruwa a buɗaɗɗen bokiti kwana 1 ko 2, kulorin yakan fice. Sai dai a waɗansu garuruwa ana amfani da wani irinsa mai suna kuloramin, wanda ajiya ba ta fid da shi. Abin da ya fi shi ne a sayi maganin ɗigawa mai kashe kulorin a wurin masu sayar da kifin, a bi ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba shi da kulorin, amma sau da yawa iska ta yi masa kaɗan, shi ma a bar shi ya kwana a buɗe.

Yanzu ga abin da za ki yi wa wanda ya rage. Kada ki ba shi abinci har kwana 2, yunwar kwana 2 ba ta kashe kifi. Kowace rana ki kwashe sulusin ruwan ki mayar da wanda ya kwana, mai ɗumi daidai da na cikin akwatin. Ki taɓa da hannu ki ji, amma hannun da babu sabulu ko man shafawa. Ki yi haka har mako guda, sa'an nan ki koma kwana biyu biyu. In kin san gidan da ke da tsohon akwati mai lafiyayyun kifaye, ki roƙi ɗan tafin tsakuwarsu a jiƙe ki zuba a naki. Kamar yadda ake zuba tsohon kindirmo cikin madara ta kama, haka wannan yake.

In komai ya daidaita, aikin ba shi da wuya. Mako mako a kwashe rubu'in ruwan, a tsotse dattin da ke cikin tsakuwa da ɗan tiyo. Soson injin a matse shi cikin ruwan da aka kwashe, ba a ƙarƙashin famfo ba. Ruwan kuwa kada a zubar a lambatu, a ba alayyafo ko fure, taki ne. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2. A nan sai an sa ido a kan yara, don kowa ya wuce yana so ya barbaɗa. A sani kuma kifin zinariya yana girma, yana da yawan kashi, guda ɗaya yana bukatar wajen lita 75. In ya sami kulawa yakan wuce shekara 10.

'Yan makaranta, ga aikinku. Ana sayar da 'yan takardun gwajin ruwa, a tsoma, su sake launi. Amoniya da naitirait lalle su zama sifiri, naitiret kuwa kada ya wuce 40. Ku sami littafi ku riƙa rubuta abin da kuka gani kowane mako. Ku lura da kifin kansa. In yana hawa sama yana buɗe baki, iska ce ta yi kaɗan ko dafi ya taru, a sake ruwa nan da nan. In fararen ɗigo kamar gishiri sun fito masa, cuta ce mai yaɗuwa, kuma galibi baƙon kifi ke kawo ta, don haka duk wanda aka sayo a ware shi mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa.

Saura abu biyu da suka shafe mu a ƙasar nan. Na ɗaya zafi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, saboda haka da bazara a nisanta akwatin daga taga. In an ɗauke wuta injin ya tsaya, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama, a kuma dakatar da abinci. Na biyu maganin sauro na fesawa. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe kifi. Kafin a fesa a kashe injin iska, a rufe akwatin da jiƙaƙƙen zane, sai ɗaki ya sha iska a buɗe.

'Yar'uwa, ki karanta wa maigida wannan, ki lallashi 'yarki, ki ce ta yi haƙuri mako 6 kafin a ƙaro wani kifin, shi ma ɗaya ɗaya. Da yamma kuma ki leƙa ki gai da maƙwabciyarki. Kifi ana sake saye, amma zumunci in ya ɓaci gyaransa da wuya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Taku,
Malama