Labarin Da Ba A Rubuta Ba, Ba Shi Da Mai Shi

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakanin matasa masu burin shirya fim mai dogon zango, daga Kano har Maraɗi da Damagaram. Matashi zai tafi wurin furodusa ko gidan talabijin hannu rabbana, labarinsa na cikin kai, ya ce ba zai rubuta ba don kada a sace masa. Wannan wauta ce da aka naɗa wa rawanin wayo.

Gaskiya ne ana satar labari a wannan sana'a. Amma dokar haƙƙin mallaka ba ta kare tunanin da ke yawo a ƙwaƙwalwa, sai wanda aka fitar da shi ya zama aiki. Wanda ya zayyana labarinsa da baki a ofis, zai fita ba shi da wata shaida. Wanda kuwa ya rubuta, ya sa kwanan wata, ya kai wa hukumar BNDA a Yamai ko Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, shi ke da abin nunawa ranar rigima. Ashe mai gudun ɓarawo ta hanyar ƙin rubutu, shi da kansa ya buɗe masa ƙofa.

Na biyu, mai zuba kuɗi yana son sanin abin da zai riƙe mai kallo mako bayan mako. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta gina Daɗin Kowa a kan gari guda mai gidaje da yawa, kowane gida da damuwarsa. Kwana Casa'in kuwa an gina shi a kan rikicin masu mulki da ƴan jarida a Alfawa. Rijiyoyi ne da ba a ƙarar da su da guga ɗaya. Ba a gane zurfin irin wannan rijiya a hirar minti goma.

Don haka wajibi ne mai labari ya shiga da takardu: jimla ɗaya da ta tattara labarin, bayanin manyan taurari da abin da kowannensu ke nema, taƙaitaccen kowane kashi na zangon farko har ƙarshensa, cikakken rubutun kashi na ɗaya, da ƙiyasin kuɗi. Wanda ya kasa haɗa waɗannan, bai kamata ya zargi furodusa da son kai ba. Labarin nasa ne bai nuna ba, kuma ba a kai ɗanye kasuwa.