Kafin Yaro Ya Ɗauki Allo

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos da kaka, ya ratsa Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa, zai ga albarkar da Allah ya yi wa kudancin jiharmu. Ga shinkafar Tudun Wada, ga masarar Doguwa da Kiru, ga kifin madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji. Amma da za ka shiga ajin farko na makarantun firamaren waɗannan garuruwa, malamai za su nuna maka yaran da aka yi wa biyawa sau goma ba su riƙe ba. Mu kuma sai mu yanke hukunci cewa yaro daƙiƙi ne. A wannan makon ina so mu duba inda matsalar take faro, domin ta girmi ranar da yaro ya fara zuwa makaranta.

Masana sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar jariri a ranar haihuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babba ba, amma kafin ya cika shekara biyar ta kai kusan kashi 90 cikin 100. A shekarun farko, ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna ƙulla mahaɗa fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Mahaɗar da ake yawan amfani da ita takan yi ƙarfi, wadda aka bari kuma sai ta shuɗe, kamar turbar gona da ciyawa ke cinyewa idan an daina bin ta. Kan wannan tubali ake ɗora magana da lissafi da hadda da nutsuwar zama a aji.

Ginin yana buƙatar kayan aiki. Likitoci suna ba kwana dubu na farko muhimmanci na musamman, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Ƙarancin sinadarin aidin ga mai ciki yana tauye basirar ɗanta, shi ya sa aka wajabta sanya shi a gishiri a Nijeriya. Ƙarancin jini yana rage wa yaro kuzarin mai da hankali. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, idan ya taɓa ƙwaƙwalwa, yana iya barin tabon da zai bi yaro har girma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano ’yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Abin takaici shi ne, a gidan manomi ma ana samun haka: a kai waken suya da gyaɗa da ƙwai kasuwa, a bar yaro da kunun zalla. Wasu kuma har yanzu suna zubar da dakashi, alhali shi ne rigakafin farko na jariri.

Sai dai abinci kaɗai bai isa ba. A ƙasar Jamaika, cikin shekarun 1980, ma’aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da ’ya’yansu. Bayan shekara ashirin, aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Wannan magani ba baƙo ba ne a wurinmu. Tatsuniyar kaka da kacici-kacici da waƙar reno da amsa gwarancin jariri duk aikin da suke yi ke nan. Yau mun miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru, idan ya cika tambaya kuma mu daka masa tsawa. Tsoro mai ɗorewa shi ma yana dagula ƙwaƙwalwa, domin yaron da ke jiran bulala ba ya jin karatu.

A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai abin yabo ne, amma ya kamata dokar ta isa ɗakin awon ciki na ƙauyukan Doguwa da Kiru, a haɗa ma’aikatar ilimi da ta lafiya a kan yaro ɗaya. Limamai da dagatai su ma suna da bakin da ake ji.

Nauyi mafi girma dai yana kan maigida. Kafin ka ɗora buhu a mota zuwa kasuwa, ware na mai ciki da na mai shayarwa. Ka tabbata yaro ya kwana cikin gidan sauro, ya sha maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina. Idan ka dawo daga gona, zauna ka amsa tambayarsa ko da ta gundure ka. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ilimin zamani bai yi komai ba face gaskata su.

Allah ya raya mana zuri’a, ya sa mu sauke amanarsu. Sai mako mai zuwa, idan mai kowa mai komai ya kai mu.