Takardun Gidan Iyayenka Ba Jarinka Ba Ne



Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata gwauruwa daga zumuntar mata ta same ni a ofis da takarda ƙunshe a leda. Ta ce, "Fasto, karanta mini abin da na sa wa hannu." Ɗanta ne ya kai ta wurin mai ba da bashi da ruwa, ya ce, "Mama, wata uku kawai, da zarar biza ta fito zan fanso takardun." Dillalin bizar ya karɓi kuɗi ya kashe waya. Na karanta takardar har sau biyu. Babu kalmar bashi a cikinta. Abin da aka rubuta shi ne ta sayar da gidan, gidan da ita da marigayi mijinta suka yi shekaru suna tarawa bulo bayan bulo. Da izininta nake ba ku wannan labari.

Zan faɗa ba kwana-kwana. Matashin da ya matsa wa iyayensa su jinginar da gidan da iyali ke kwana a ciki domin ya sami kuɗin gaggawa, cinikin Isuwa yake yi. Ku duba Farawa sura 25. Isuwa ya dawo daga jeji a gajiye, yunwarsa kuwa ta gaske ce, amma ya ba da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate. Ibraniyawa sura 12 ta nuna mana daga baya ya nemi albarkar da hawaye, bai samu ba. Shi ma Isuwa nasa ya sayar. Kai kuwa rufin mahaifiyarka ne da gādon ƙannenka kake ɗorawa a kan tebur.

Bari mu yi lissafi, tun da Ubangiji da kansa a Luka sura 14 ya koya mana mai son gina hasumiya ya fara zama ya ƙididdige kuɗinta. A ce ka karɓi naira miliyan 5, ruwa kashi 10 cikin 100 kowane wata. Naira dubu 500 ke nan duk wata, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Cikin wata 10 ka biya miliyan 5 ruwa zalla, kuma har yanzu ana bin ka miliyan 5. Wace sana'a ce za ka fara yau ta riƙa ba ka ribar dubu 500 tun daga watan farko, bayan ka ci ka sha? Mai ba da bashin ya riga ka yin wannan lissafi. Shi ya sa bai tambaye ka sana'arka ba, takardun gida ya tambaya.

Ku kuma lura da saurin. Jinginar da aka yi bisa ƙa'ida ba ta ƙarewa a kwana biyu. Ana binciken takardar mallaka a ofishin filaye, ana ƙiyasta darajar gidan, lauya yana duba yarjejeniya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka daga gwamnatin jiha sai da amincewar gwamna zai jinginar. Duk wanda ya ce maka "kawo takardu da safe, karɓi kuɗi da yamma", ya tsallake wani abu, kuma sau da yawa abin da ya tsallake shi ne wanda zai kāre ka. Sauri ya haifi nawa.

Ina kuɗin suke tafiya? Ba mu manta da MMM ba, mai alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, da ya rufe asusun mutane a watan Disamba 2016. A watan Afrilu 2025 CBEX ya rushe da kuɗin jama'a, bayan alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Suna ne kawai yake canzawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake yi wa wannan ɗanyen aiki baftisma. Sai ka ji matashi yana cewa, "Na ɗauki matakin bangaskiya." Mu masu wa'azi muna da laifi a nan, domin wasunmu sun koya muku cewa mai yin lissafi mai shakka ne. Ƙarya ce. Shaiɗan ya ce wa Yesu ya yi tsalle daga kan Haikali, har ya jawo Nassi ya kafa hujja, Ubangiji ya ƙi. Bangaskiya tana dogara ga abin da Allah ya alkawarta. Allah bai taɓa yi maka alkawarin biyan bashin da ka ci ba tare da ka nemi nufinsa ba.

Na san wani zai ce, "Fasto, ba ka san matsin da muke ciki ba." Na sani. Akwai iyalan da suka ajiye takardun gida domin a yi wa mahaifi tiyata, ko domin kuɗin fansar ɗa daga hannun masu garkuwa. Ba na ɗora musu laifi, rai ya fi gini. Kunyar tamu ce, mu ikilisiya, da muka bar su suka je ƙofar mai cin ruwa su kaɗai. A Nehemiya sura 5, talakawa sun jinginar da gonaki da gidaje saboda yunwa da harajin sarki, har 'ya'yansu suka shiga bauta a hannun 'yan'uwansu. Nehemiya ya tara manya ya tsawata musu, ya sa suka mayar da gonakin da gidajen. Idan kai ɗan ikilisiya ne kuma takardun gidan ɗan'uwanka suna cikin akwatinka kana jiran ya kāsa biya, wannan sura da kai take.

Amma biza, bikin aure na kece raini, mota, ko jarin da aka ce zai ninka kafin Kirsimeti, ba tiyata ba ne. Waɗannan za su iya jira.

Ga abin da nake roƙon ku. Kada ka kai mahaifiyarka ta sa hannu a takardar da ba a karanta mata ba cikin harshen da take ji. Kai wa lauya naka, ba na mai ba da bashin ba. Ka zauna da 'yan'uwanka duka, domin gidan ba naka kaɗai ba ne. Ka gaya wa dattijo ɗaya a ikilisiya. Shirin da kake jin kunyar faɗa wa dattijo, ka riga ka san ba shi da kyau. In jari kake nema, ka fara da adashi ko ƙungiyar gama kai, da abin da in ya salwanta kowa zai kwana a ɗakinsa.

Maman nan tana cikin gidanta har yanzu, wani lauya a cikinmu yana bin maganar. Ta ce mini duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa gabanta yana faɗuwa. Ɗan kuma ya daina zuwa zumunta. Shi ma namu ne, ku neme shi.

Karatun wannan mako: Nehemiya 5:1-13.

Ya Uba, ka ba mu haƙurin jira, ka tsare gidajen iyayenmu daga gaggawarmu. A cikin sunan Yesu, amin.