Kafin a ba mai kamara kafin alƙalami, a tambaye shi ina bidiyon zai kwana



In lokacin bukukuwa ya kama, bayan kaka ne ko gab da azumi, kowane gida lissafi yake yi. An lissafa sadaki da kayan ɗaki, an lissafa anko, bash da kujeru, sono, abincin baƙi. Mai kamara kuwa sai saura kwana uku ake tunawa da shi. Wani abokin ango ya ce ya san wani yaro, aikinsa na da kyau, har dron gare shi. A kira shi a waya, a yi cinikin minti biyu, a tura masa kafin alƙalami, shi ke nan an gama. Alhali abinci za a cinye, anko zai koɗe, bash za a naɗe a mayar wa mai shi. Abin da zai rage a hannun iyali bayan shekara ashirin shi ne wannan bidiyon da aka yi wa cinikin minti biyu.

Ra'ayina a nan guda ne: bidiyon buki kayan gida ne, kamar kayan ɗakin amarya. Don haka mai gida ne ya kamata ya faɗi yadda za a ɗauke shi, da wanda zai gan shi. Yau kuwa abin ya juye. TikTok da Facebook ne ke faɗa wa mai kamara yadda zai yi aiki, mu kuma mu biya.

Mu fara da salon bidiyon. Wanda ake yayi yanzu kowa ya san shi: kilip na minti uku ko biyar, amarya na juyawa a hankali kamar iska na ɗaukarta, ango na gyara hula, dron ya tashi sama ya nuna rufin gidaje da jerin motoci, an ɗora waƙar fim daga farko har ƙarshe. Yana da kyau, ban musa ba. Ɗan uwan da ke ci-rani a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, wanda wataƙila shi ya aiko da rabin kuɗin bukin, irin wannan ne zai iya buɗewa a WhatsApp ba tare da megarsa ta ƙare ba. A yi masa. Matsalar ita ce gidaje da yawa wannan kilip ɗin kaɗai ake ba su, su kuma su ɗauka sun samu bidiyon buki.

Ku duba abin da babu a ciki. Babu muryar liman lokacin ɗaurin aure. Ba a jin waliyyin amarya yana bayarwa, ba a jin wakilin ango yana karɓa, ba a jin an faɗi sadaki gaban shaidu, ba a jin fatiha. Babu guɗar gwaggo, babu kirarin maroƙi da ya jero kakannin gidan ɗaya bayan ɗaya, babu nasihar da tsohuwa ta yi wa amarya a bakin ƙofa kafin a fita da ita. Duk waƙa ta binne su. Waƙar nan ko yaushe ka so ji tana cikin wayar kowa, shekara mai zuwa ma an daina yayinta. Muryar tsohuwa kuwa, ranar da Allah ya karɓi abinsa, ko miliyan nawa ka ba mai kamara ba zai dawo maka da ita ba.

Waɗanda suka ga zamanin kaset na bidiyo, da na faifan CD da ya biyo baya, sun san abin da nake nufi. Hoton na rawa, launin ya wanke, mai ɗauka na yawo da kamara a kafaɗa. Amma in aka samu wanda bai lalace ba aka kunna, gida gaba ɗaya zama yake. Wannan ya ce ga baba, wancan ya ce ji muryar inna, a yi dariya a yi hawaye. Ba wanda ke tambayar wace irin kamara aka yi aiki da ita.

Saboda haka a nemi abu biyu tun farko. Na ɗaya, dogon bidiyo mai sautin wurin yadda yake, ɗaurin aure cikakke ba a yanke ba. Na biyu, gajeren kilip na turawa ƴan uwa. In kuɗi bai kai a yi duka ba, a bar kilip a riƙe dogon. Daga dogo ana iya yanko gajere ko bayan shekara biyar, amma ba a mayar da gajere dogo.

To yaya za a gane mai aikin kirki? Kada a tsaya kan abin da ya sa a shafinsa, don ba wanda ke baje ruɓaɓɓen tumatir a saman tire. A ce ya nuna buki guda cikakke da ya taɓa ɗauka, wanda masu shi suka yarda a nuna. In ya buɗe maka bukin mutane har da zaman mata ba tare da ya ce sai ya nemi izini ba, ka riga ka san yadda zai yi da naka. A duba ɓangaren dare, don da rana kowace waya ma gwana ce. Fuskoki na fitowa in magariba ta yi, ko sai haƙora da farin mayafi? Yana da fitilarsa, ko da ƙwan gidanku ya dogara? A rufe ido a saurara: ana gane maganar liman, ko ƙarar iska ce da gurup ɗin wuta? Mai aikin da ya san abin da yake yi yana da ƙaramin mikro da zai maƙala kusa da liman. Wanda ya ce mikron kamara ya isa, daga nesa zai tsaya, surutun taro kawai za ku samu.

A duba launin fata kuma. Wasu in sun zauna montaj, wato haɗawa da gyara hoton, sai su wanke amarya da tacewa har uwar da ta haife ta ta yi shakka. Yarinya baƙa kyakkyawa a mayar da ita kamar an shafa mata alli. A faɗa masa tun wuri: yadda Allah ya yi ta muke son ganinta.

Sai tambayoyin da mutane ke jin nauyin yi. Batir nawa gare ka? Mun san halin wuta a watan Afrilu da Mayu, ba za a tsayar da ɗaurin aure a jira NIGELEC ba. Katin memuwar nawa? In ka koma gida, a wuri nawa kake ajiye aikin kafin ka gama montaj? Kai za ka zo da kanka ko yaronka za ka turo? A lokacin bukukuwa mutum ɗaya kan karɓi aiki uku rana guda, ya je wurin mai kuɗi, ya tura wa sauran almajiransa. In yaro zai turo, ba laifi, amma aikin yaron za a nuna muku, kuma a san haka kafin a yi ciniki.

Maganar 4K da ake cika baki da ita, gaskiya ne ya ninka hoton 1080 sau huɗu wajen ƙwayoyin hoto. Sai dai nauyinsa ma ƙaruwa yake, yawancinmu kuma a waya muke kallo, WhatsApp kuwa matse bidiyo yake in an tura shi ta hanyar da aka saba. Kuɗin da za a ƙara don 4K, gara a sa shi a mikro da fitila. Dron kuma, a halin tsaron da ƙasa ke ciki, ba abin tayarwa ba ne don kawai ango na so. A tambayi mai shi ko yana da izinin hukuma, musamman in gidan na kusa da bariki ko filin jirgi. Sannan a tuna da maƙwabta. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, nan mata ke girki, nan suke wanki, nan ake shanya. Katangar da mutum ya gina don sutura, dron ba ruwansa da ita.

Wannan ya kawo mu babbar maganar. Zaman lalle, wankan amarya, rawar mata a cikin gida, duk wurare ne da mace ke sakin jiki don ta san tsakanin ƴan uwanta take. Matar aure ta ajiye mayafi ta taka rawa don farin cikin ƙanwarta. Bayan kwana biyu sai ga ta a TikTok, da sunan mai kamara da lambar wayarsa a ƙasan hoton, samari a fada na miƙa wa juna waya suna shan shayi. Ita ba a tambaye ta ba, mijinta a bakin abokai zai ji. Kowa a cikinmu ya san irin rigimar da wannan ke haddasawa: yaji, gaba tsakanin dangi, wani lokaci har abin da ya fi haka. Matan da suka ga an yi wa wata, gobe in an gayyace su sai su zauna a takure, ko su ƙi zuwa. Bukin ma ya rasa armashinsa.

Wani zai ce zamani ne, ai amaryar ce da kanta ke son a gan ta. To, amarya na da ikon yarda a kan fuskarta, ita da angonta. Ba ta da ikon yarda a madadin matar yayanta, ko ƙawarta da ke gidan miji, ko yarinya ƴar shekara goma sha uku da ke rawa a gefe. Wani kuma zai ce ai a status kawai aka sa, bayan awa 24 zai ɓace. Zai ɓace daga wayarka, amma wanda ya riga ya kwafe fa? Magana zarar bunu ce, bidiyo ya fi ta.

Ba al'ada da addini kaɗai ke faɗin haka ba. Tun 2017 Nijar ta kafa doka kan kare bayanan mutane, akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki, kuma hoton mutum da muryarsa na cikin bayanansa. A 2019 an ƙara da dokar laifukan intanet. Amma wa ke son bukin ƴarsa ya ƙare a komisariya? Ko an hukunta mai laifi, bidiyon ya riga ya zaga. Maganin tun kafin a kunna kamara ne.

Inda hali ya samu, a nemi mace ta ɗauki zaman mata. Ƴan matanmu da suka iya kwalliya da lalle har suka mayar da su sana'a, riƙe kamara ba zai gagare su ba, kuma duk mai studiyon da ya koyar da mace ɗaya ya sa ta cikin ma'aikatansa, gidajen da ba sa barin namiji ya shiga za su neme shi. In ba a samu mace ba, a sa wata babba a gidan ta tsaya tare da mai ɗauka, ta ce nan a ɗauka, nan a kashe. A kuma sanar da mata cewa kamara na aiki, wadda ba ta so ta kauce. Haka nan a ja kunnen ƙawaye da ƙanne, don sau da yawa ɓarnar daga wayoyin ƴan gida take fitowa, a ɗora wa mai kamara.

Su ma masu kamara a yi musu adalci. Yawancinsu samari ne da suka ƙi zaman banza, suka tara kuɗi ko suka ci bashi suka sayi kayan aiki masu tsada. Yini guda a tsaye cikin rana, sannan kwanaki a gaban kwamfuta. Mu kuma sai mu matse farashi har ya koma ba riba, buki ya wuce mu riƙe cikon kuɗinsa wata uku. Wanda aka yi wa haka, shafinsa ne kaɗai allon tallarsa, dole ya nemi abin da zai ja ido ya sa. Araha ba ta ado. In muna son ya riƙe mana amana, mu biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, mu kuma zaɓar masa da kanmu ɗan abin da zai yi talla da shi: adon wuri, ango da abokansa, hannun amarya da lalle in ta yarda.

Duk wannan a rubuta shi. Takarda guda ta isa, da Hausa ko Faransanci, ko da ajami ne, da shaidu biyu. A sa ranaku da wuraren da za a ɗauka, sunan wanda zai zo, dogon bidiyo da gajere, ranar da za a kawo aiki, kuɗi da yadda za a biya shi kashi-kashi, cikon sai an karɓi aiki an kalla. A sa cewa ba zai saka komai a intanet ba sai abin da ango da amarya suka gani suka amince, kuma zaman mata ba ya ciki ko kaɗan. In ta Nita ko Amana aka tura kuɗi, a adana rasit ɗin. Kada a ce ai ɗan unguwa ne, kunya za a ji. Kunyar minti biyar wajen rubutu ta fi sauƙi a kan zaman sulhu gaban mai unguwa.

In aiki ya zo hannu, kada a bar shi a kile guda cikin durowa. Zafi da ƙurarmu ba su bar kaset ba, ba su bar CD ba, kile ma lalacewa take ko ta ɓata. A yi kwafi biyu ko uku, ɗaya a gidan ango, ɗaya a gidan iyayen amarya, bayan ƴan shekaru a sake juye shi a sabon abu. In za a tura wa na nesa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin dokima don kada hoton ya dushe, a kuma gaya masa a fili cewa na gida ne.

Iyaye, wannan magana taku ce kafin ta zama ta yara. Yadda kuke zama a kan sadaki da kayan ɗaki, ku zauna a kan mai kamara, ku kira shi gida ya sha ruwa ku ji bakinsa tun saura wata guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa albarka a sana'ar matasanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.