Kitsen da Aka Cire Ba Ya Dawowa

Masu tallar fiɗar gyaran fuska a Amurka da Turkiyya suna ce da ita ƙaramin aiki: a yanki fatar ido ta ƙasa, a kwashe kumburin da shekaru suka kawo, mutum ya koma saurayi. Hoton da suke nunawa na watanni kaɗan ne bayan fiɗa. To, ina hoton shekara 15?

Abin da ba su faɗi da babbar murya ba shi ne, wannan kumburi ba ƙazanta ba ne. Kitse ne, matashin da ƙwayar ido take kwance a kai. Tsufa da kansa yana cinye kitsen fuska. Wanda aka kwashe nasa yana ɗan shekara 40, idan ya kai 60 idanunsa suna iya zurmawa kamar na mai doguwar jinya. Shi ya sa likitoci da yawa yanzu sun gwammace su gusar da kitsen maimakon cire shi. Ashe dai da an yi ɓarna.

Fatar kuma, in an yanke fiye da kima, tabo yakan ja ta ƙasa. Farin ido ya bayyana, wani lokaci fatar ta juye waje. Ido ba ya rufuwa sosai ko cikin barci. Ya bushe, ya yi ta raɗaɗi, hawaye na bin kumatu. Makanta ba safai ba, amma takan faru idan jini ya taru a bayan ƙwayar ido.

Gyara kuwa sai da wata fiɗar, mai wuya fiye da ta fari: a yanko fata daga bayan kunne, ko guringuntsin kunnen, a yi faci. Mai idon ne zai sake biya.